Yadda Na Kwaikwayi Kaina a Kumasi

Sana'ata ba da dariya. Ba ni da kalangu, ba ni da 'yan amshi, ba na waƙa. Tsayawa nake yi a tsakiyar mutane in yi magana, in kwaikwayi muryar wane da tafiyar wane, su yi dariya, wanda ya ji daɗi ya miƙo abin da ya samu. A Argungu aka haife ni, gidan masunta. Sunana Umaru, amma an fi sanina da Ɗan Gora, don wasan da ya fara fito da ni na wani masunci ne da goransa ya kuɓuce masa a tsakiyar gulbi.

Lokacin da abin nan ya faru Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Ina haya a can, a unguwar Nasarawa, da matata Kulu, ina bin bukukuwan aure da na suna, da walimar ma'aikata in an yi wa wani canjin wuri. Bayan an yanke shinkafa ana kirana har Ambursa da Kalgo. Da damina kuwa sai in yi wata ban tsaya gaban kowa ba. Ga gari ƙarami. Labari in ka ba da shi sau uku, a na huɗu 'yan kallo ne za su ƙarasa maka.

Wani ɗan kasuwar albasa, Alhaji Sahabi, shi ya kawo maganar Gana. Ya gan ni a wani biki, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan Gora, ɓata bakinka kaka yi garin ga. Kumasi cike take da mutanenmu, sun yi shekaru ba su ji Hausar gida ba. Mu tahi in ɗauke ka kaset, hotonka bisa kwali."

Kulu tana da ciki wata huɗu. Na ce mata kwana arba'in zan yi.

A bisa buhunan albasa na yi tafiyar, Alhaji yana gaba tare da direba, wani mutumin kirki mai suna Isaka. Kamba da Gaya ba su ba ni wahala ba, don har can ana jin Hausa, kuma ƙasar irin tamu ce. Da muka ƙetare kogin Kwara muka shiga Malanbil na fara jin na bar gida. Warin albasa ya shiga rigata, ya shiga gashina, har ruwan da nake sha albasa nake ji.

A wani shinge bayan Jugu aka sauke mu duka. Wani jami'i mai ƙaton ciki yana zaune ƙarƙashin rumfa yana tambayar kowa sana'arsa, Isaka yana yi mana tafinta. Da aka zo kaina Isaka ya rasa abin da zai ce, ya dai gaya masa ni mai sa mutane dariya ne. Jami'in ya ajiye alƙalaminsa, ya gyara zama, ya ce to in sa shi.

Ba ya jin Hausa, don haka na yi masa wasan goran nan, wanda ba ya buƙatar magana. Na kwanta a ƙasa kamar ina bisa ruwa, gora ya zille, na bi shi, na sha ruwa, na kama kifi na ɗauka gora ne. Matan da ke jiran layi suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Shi ko gezau. Ya ce in sake. Na sake. Ya kira abokan aikinsa biyu, ya ce in sake. Sau biyar na yi birgima a ƙasar nan da tsakar rana, har matan suka daina dariya suka sunkuyar da kai. Sannan ya yi nuni da hannu mu wuce. Alhaji ya wuce mota abinsa. Isaka ne ya miƙo mini butarsa na wanke fuska, ya ce, "Yi haƙuri, da na sani da na ce mashi manomi kake."

Mota ta lalace mana a ƙasar Togo, muka yi kwana huɗu a bakin hanya ana jiran ƙarfe. Albasa ta fara ruɓewa daga ƙasa. Ni da aka ɗauko don kaset, ni na yi ta sauke buhu, ina zazzagewa, ina tsince ruɓaɓɓu, ina ɗinkewa. Ban yi gardama ba. A hanya duk wanda ke cikin mota ma'aikacin mota ne.

Mun isa Kumasi ana yayyafi. Ban taɓa ganin gari mai tudu da gangare da kore haka ba. Aka sauke ni a zango, gidan wani dattijo mai saukar baƙi, aka ba ni tabarma a ɗakin da ake ajiye buhuna.

Kwana uku da zuwa Alhaji ya samo mini wasa a wani bikin aure. An kafa rumfuna a titi, mutane sun cika, yawancinsu matasa waɗanda aka haifa a can. Na shiga fili da ƙarfina. Na fara da manomin Ambursa da ke korar tsuntsaye daga shinkafa har ya kori surukinsa. Shiru. Na kawo wani mai unguwa na garinmu mai in'ina, wanda a gida da na buɗe baki da muryarsa an fara faɗuwa. Nan ba wanda ya san shi, sai suka ga kawai ina yi wa mai in'ina ba'a. Wata mata ta tsuke fuska.

Dariyar da na samu ɗaya ce. Na ce "da munka tahi", sai wani saurayi daga baya ya ɗaga murya, "Munka! Sunka! Kunka!" Wuri ya ɗauka. Duk abin da na faɗa bayan nan, jira suke in ce "munka" su amsa. Harshena suke yi wa dariya, ba wasana ba. Wanda bai taɓa tsayawa shi kaɗai gaban taro ba, ba zai san bambancin ba, amma mai sana'ar yana ji a cikinsa. Ban kai rabi ba aka kunna kiɗa a kaina. Na fita ta bayan rumfa.

Alhaji ya ce kada in damu, ba su ne 'yan kallona ba. Ya tara dattawa a shagon wani abokinsa, mutanen Kabi da Sakkwato da Gwandu waɗanda suka tsufa a fataucin goro. Ya ajiye rikoda a kan benci. Su kam ba sai na yi bayani ba. Na yi musu masuncin da ya gaya wa mai karɓar haraji kifin da ya kama bai wuce tafin hannu ba, ya kuma gaya wa surukinsa kifin ya kai tsawon kwalekwale, sai ga su biyun sun haɗu a ƙofar gidansa suna tambayarsa a lokaci ɗaya. In ya dubi wannan ya buɗe hannuwa, in ya dubi wancan ya tsuke, har ya koma kamar mai fifita wuta. Wani tsoho ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya bar ta a ƙasa. Yini uku muna haka. Duk abin da na tara cikin shekara goma na zuba a rikodar nan.

Rana ta huɗu Alhaji ya ce zai je Ankara, babban birninsu, a buga kaset, in jira shi mako guda. Ban tambaye shi takarda ba, ban tambaye shi shaida ba. Na ma raka shi tasha na riƙe masa jaka.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Isaka ya riga ya juya da lodin goro tun kwana biyu da zuwanmu. Mai masaukina ya kira ni da ladabi ya ce buhuna na zuwa, ɗakin zai cika. Na koma kwana a barandar masallaci tare da 'yan ci-rani, na shiga dako a babbar kasuwa. Doya nake ɗauka, da ayaba, da buhunan gawayi. Wuyana ya kumbura makon farko. Ban gaya wa kowa sana'ata ba. Kunya nake ji, kuma ban san wacce ce ta fi ba, ta dakon ko ta wasan da ya mutu a hannuna.

A bakin kasuwar akwai wata tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai, ana ce mata Inna Hawwa. Wata safiya na ce mata, "Inna, zuba mani na kaɗan, ba ni da yawa yau." Ta tsaya da ludayi a hannu.

"Kai ɗan ina ne?"

"Argungu."

"Wace shiyya?"

Na faɗa mata. Ta ajiye ludayin, ta jawo benci da ƙafa ta ce in zauna. Ita 'yar Augie ce. Mijinta ɗan fataucin goro ne, ya taho da ita tana amarya, ya rasu a nan, 'ya'yanta da jikokinta duk a nan. Ba ta koma ba ko sau ɗaya. Hausarta ta gauraye da ta zango, amma in ta yi zumuɗi sai ta gida ta fito.

Daga ranar ba ta ƙara karɓar ko kwabo a hannuna ba. Abin da take so in yi ta ba ta labari. Har yanzu ruwa na kaiwa gindin tsamiyar bakin mashaya? Har yanzu mata na surfa shinkafa da waƙa? Wani lokaci ba tambaya take yi ba, sai ta ce, "Kira mani sunayen garuruwa." In fara: Augie, Argungu, Gulma, Alwasa, Ambursa. Tana juya ƙosai tana gyaɗa kai. Ni ma a nan nake samun sauƙi, don in na kwanta ba abin da nake gani sai fadama da ruwa ya kwanta a kanta, da Kulu tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Na ƙirga watanni na san ta haihu, ban san me ta haifa ba, ban san ko ta tashi lafiya ba.

Ita ce ta fara gane ni. Wata rana wata Ba'asantiya mai doya ta yi mini faɗa a gabanta, da ta wuce sai na maimaita faɗan da muryarta, da yadda take riƙe ƙugu, ban ma san na yi ba. Inna Hawwa ta yi dariya har ta dafa tukunya.

"Ɗana, mi ad da kai kaka ɗaukar doya?"

Na ba ta labari duka. Ba ta zagi Alhaji ba, ba ta tausaya mini da baki ba. Ta ce, "Mutanen nan ba su san mai unguwarku ba. Mai doya sunka sani. Yi musu mai doya."

Na fara sauraren kasuwa kamar yadda nake sauraren Argungu ina yaro. Na koyi yadda ɗan zango ke cewa "matana ya haihu", da yadda masu motar haya ke kiran unguwanni, da yadda mai awo ke rantsuwa. Na haɗa wasa a kan kaina: baƙo ɗan Kabi da aka ba dokunu, tuwon masararsu, ya ci har da ganyen da aka naɗe shi, yana yaba wa mai abinci. In an yi la'asar sai in tsaya a tasha wurin da 'yan dako ke hutawa in gwada. Wanda ya mutu in jefar, wanda ya tashi in ƙara masa. Na bar su su yi wa "munka" dariya, amma yanzu ni nake ajiye ta inda nake so su yi.

Wata na bakwai ina ɗauke da buhun gawayi a layin masu kaset, sai na ji muryata. Na tsaya cak har na bayana ya yi karo da ni. Masuncin nan ne da mai haraji, ga dariyar dattawan nan, har da tarin tsohon da hularsa ta faɗi. Mutane sun kewaye shagon. Na sauke buhu na kutsa. A kan kwalin akwai hoton wani mutum mai kumatu da doguwar hula, ban taɓa ganinsa ba. An rubuta wani suna da ba nawa ba.

Na ce wa mai shagon, "Wannan ni ne."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, baƙi ƙirin da gawayi. "Kai ne wa?"

"Mai maganan nan. Muryata ce."

Aka yi dariya. Ya ce to in yi su ji. Ya mayar da kaset baya ya saki. Na bi shi kalma da kalma, numfashi da numfashi, na buɗe hannuwa na tsuke a daidai wurin. Sai a lokacin suka gane abin da ya sa dattawan cikin kaset ke dariya a inda ba a magana. Wuri ya kaure. Da na gama wani mai shadda ya dafa kafaɗata ya ce, "Wallahi ka iya. Ka kusa kai shi. Shi dai muryansa ya fi naka zaƙi."

Na yi rantsuwa, na kira sunan shagon da aka ɗauka. Mai kaset ya ce shi daga Ankara ake kawo masa, bai san wani Alhaji ba. Na je wurin dattawan, biyu suka ce za su shaida. Amma a gaban wa? Wanda ya yi abin ba ya ƙasar, ni kuma ko takardar zama ba ni da ita.

Mai shaddar nan ya aiko a neme ni, ƙanwarsa za ta yi aure. Yana so in zo in kwaikwayi mutumin kaset. Na je wurin Inna Hawwa raina a ɓace, na ce ba zan je ba.

Ta ce, "In ka ƙi, sunanka zai koma bisa kwalin?"

Na ce a'a.

"To tahi ka yi. Kana da mata."

Na je. Mai gabatarwa ya ce ga ɗan dako mai kwaikwayon gwanin Sakkwato, aka tafa. Na yi musu na kaset, sannan na zarce da mai doya da baƙo mai cin ganye. A nan ne mata suka taso suna liƙa mini kuɗi a goshi. Daga wannan biki aka kira ni wani, daga can wani. Wata huɗu ina cin abinci da sunan mai kwaikwayon kaina. Tun ina gyara wa mutane har na bari. Sababbin wasannin dai ba wanda ya ce na wani ne.

Isaka ya dawo da lodi, ya neme ni har ya same ni a tasha. Ya ce Kulu ta haifi mace, an sa mata Aisha, har ta fara rarrafe. Mai gidan haya ya karɓi ɗakinsa, Kulu ta koma wurin iyayenta a Ambursa. Alhaji ya gaya wa mutane na samu wuri na ƙi dawowa. Ban bari Isaka ya gama shan ruwa ba na ce da ni zai juya.

Da na je sallama, Inna Hawwa ta ba ni ƙullin goro da turmin atamfa. Ta ce tana da wa a Augie, Manu, in yana da rai in kai masa. Ta faɗi saƙonta, ta sa na maimaita, ta sake faɗa har sau uku. Sannan ta juya ga kaskonta ta ce in tafi, mai na ƙonewa.

Komowa ba ta yi wuya kamar zuwa ba. A kowane shinge manomi nake.

Na sami Kulu tana shanya shinkafa a tsakar gidansu. Ta dube ni, ta dubi jakata, ta ce, "Kwana arba'in ɗin sun cika?" Ta miƙo mini yarinyar, yarinya ta ƙi ni, ta yi ta kuka. Sai da na yi mako ina zarya wurin surukina kafin ya yarda ta biyo ni. Alhaji Sahabi na gan shi bayan shekara biyu a kasuwar Birnin Kebbi. Ya gaishe ni da fara'a, ya ce masu buga kaset ne suka cuce mu duka. Na amsa gaisuwarsa na wuce.

Augie na je tun makon farko, ranar kasuwa. Aka nuna mini gidan. Baba Manu yana da rai, tsoho ƙwarai, idanunsa sun tafi, yana zaune a zaure yana laluben komar kamun kifi yana ɗinke inda ta yage. Na gaishe shi na ajiye goro da atamfa a gabansa, na ce daga Hawwa. Ya ce su sun ɗauka ta mutu tun tuni.

Na fara ba shi saƙon da bakina: tana gaishe shi, tana da 'ya'ya biyar, tana neman gafara ba ta zo ta'aziyyar innarsu ba, labari bai kai mata ba sai bayan shekara uku. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"An ce kai ne ɗan gidan masuntan Argungu mai kwaikwayon mutane."

Na ce ni ne, Baba.

"To hwaɗa mani yadda tac ce."

Ban taɓa kwaikwayon mutum ba sai don dariya. Na gyara zama, na sauke murya, na ɗauko 'yar rawar da ke cikin tata, da yadda take jan numfashi kafin ta kira suna. Na ce, "Manu, ni ce Hawwa. Ina nan da raina. Ka yahe mani, ban zaka ba da Inna tar rasu."

Matan gidan da suka taru a bakin ƙofa ba wadda ta motsa. Tsohon ya saki komar ta zame daga gwiwarsa. Ya juyo da kunnensa wajena ya ce in sake. Na sake, har ƙarshe, har inda ta ce a gaida kowa da kowa.

Ya shafa atamfar da tafin hannu, ya ce, "Ashe Hawwa ta tsuhwa."

Ya sa aka kawo mini fura. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya tambaya ko zan ƙara zuwa Augie. Na ce ina zuwa duk ranar da aka kira ni biki. Ya ce in na zo in biyo, ba sai da saƙo ba, in dai zo in yi masa ita. Na yi ta zuwa har damina biyu, kafin ya rasu.